Yadda Ake Saita Bawul ɗin Injin Fijo 504, Daki-daki

Tun da na ambata cewa ni da hannuna nake saita bawul ɗin tsohuwar Fijo 504 da mahaifinmu ya bar mana, tambayoyi ba su yanke ba. Wannan ya ce tasa tana ƙas-ƙas-ƙas da safe kamar keken ɗinki. Wancan ya ce an yi masa saitin tafet, wato wannan saitin bawul, a gareji, ƙarar ta ɗauke ɗif, amma tun daga ranar motar ba ta jan tudu, in ta yi zafi kuma sai an tura ta. Na biyun nan shi ya fi tayar mini da hankali, domin a wurin tsohon inji irin wannan, ƙara kaɗan ba ciwo ba ce, shirun ne abin tsoro. Bawul shi ne marfin da ke buɗewa don mai ya shiga silinda ko hayaƙi ya fita, kuma wanda aka matse har ya rasa ratar da ke tsakaninsa da ƙarfen da ke danna shi ba ya zama daidai a kujerarsa idan ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura. Wuta ta riƙa tsiyaya ta gefensa, a hankali ta cinye bakinsa, daga nan kuma sai sauke tof silinda, wato kan injin da bawul ke ciki.

Bayanin da ke tafe na injin fetur ne mai silinda huɗu da kafireta, lita biyu, wanda kamfanin ya sa wa lamba XN1. Shi ne a mafi yawan 504 ɗin da ke yawo a ƙasar nan tun da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975. Idan taka mai shan man dizal ce, ko kuma wata mota ce daban, hanyar aikin za ta yi maka amfani amma lambobin ba naka ba ne, sai ka nemi na injinka. Injin da tafet ɗinsa ke saita kansa da baƙin mai, da wanda ake sa wa ƴan faifan ƙarfe a ƙarƙashin kamshaf (sanda mai ƙullutu da ke sa bawul buɗewa), ba su shiga wannan bayani ba ko kaɗan.

1. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Fila gej, mai fallayen ƙarfe da aka rubuta kaurin kowanne a jikinsa. Ka duba da kyau akwai 0.10 da 0.15 da 0.25 da 0.30 na milimita. Sai sukudireba mai faɗin baki, da sifana mai zobe daidai notin roka (ƙarfen da ke danna kan bawul), da sifanan fulogi mai dogon wuya, da soket na kwance murfin inji. Ka haɗa da jak, da duwatsu ko katako na tokare taya, da tsumma mai tsabta, da kalanzir kaɗan, da alli, da takarda da biro.

Abin saye guda biyu ne: sabon gasket na murfin roka, da robobi huɗu na bututun fulogi. A Kano za ka samu a Ƙofar Ruwa, a Kaduna kuma a Fanteka. Farashi a kasuwar kayan mota kullum motsi yake yi, don haka ka taya a shago biyu ko uku, kuma ka tafi da tsohon gasket ɗin ko hotonsa a waya don a gwada. Fila gej sau ɗaya ake saye, in ka riƙa shafa masa mai ba ya tsatsa, har ɗanka ya gada. Duka kuɗin nan in ka tara ba su kai ko kusa da abin da za ka biya ranar da bawul ɗaya ya ƙone ba.

Gargaɗi: kada ka yarda da reza, ko kwalin ashana, ko marfin gwangwani a madadin fila gej. Ratar da muke magana a kai kashi ɗaya ce cikin goma na milimita, kusan kaurin takardar rubutu. Ido ba ya auna ta, kunne ma haka.

2. Bari inji ya kwana

Ana yin wannan aiki ne inji na sanyi ƙalau. Mafi ƙaranci awa shida bayan an kashe shi, amma abin da ya fi shi ne ka ajiye motar da yamma a daidai inda za ka yi aikin, wuri mai shimfiɗe, ka fara da safe bayan ka karya.

A nan ne mafi yawan saitin gareji ke lalacewa. Mai mota ya shigo da ita da zafinta, yana sauri, bakanike ya jira minti ashirin ya buɗe murfi. Tof silindar 504 alminiyam ce, gangar jikin injin kuma baƙin ƙarfe, bawul da fushrod, wato sandar da ke tura roka, su ma nasu ƙarfen daban, kowanne da yadda yake kumbura da yadda yake hucewa. Awon da aka yi suna tsakiyar hucewa ba na zafi ba ne, ba na sanyi ba.

Gargaɗi: ko tayar da ita na minti biyu don a gyara mata tsayuwa kada ka yi. In ya zama dole a matsar da ita, a tura.

3. Share, sannan ka buɗe

Cire kan batir na baƙar waya. Sauke tukunyar tace iska, ka toshe bakin kafireta da tsumma mai tsabta don kada noti ko tsakuwa ta faɗa. Kafin ka zare wayoyin fulogi, ka sa wa kowace lamba da alli ko ka ɗaura mata zare, domin da yawa sun gama saiti lafiya lau sannan suka kwana suna neman dalilin da ya sa mota ke atishawa, ashe waya biyu suka musanya.

Goge murfin da kewayensa da kalanzir. A lokacin hunturu ƙura takan yi dandazo a wurin, kuma duk abin da ka bari zai gangara cikin inji da zarar ka ɗaga murfi. Fulogin wannan inji a ƙasan dogayen bututu suke, ta tsakiyar murfin. Hura iska a kowane bututu kafin ka kwance fulogi, ko da famfon keke ne. Cire duka huɗun, domin inji marar fulogi da hannu ɗaya ma yana juyawa.

Yanzu kwance murfin. In ya manne, ka bubbuga gefensa da tafin hannu ko katako.

Gargaɗi: kada ka cusa sukudireba tsakanin murfi da tof silinda kana ɓamɓara. Alminiyam ba ya jure haka, kuma tabon da ka yi masa zai riƙa yoyon mai har abada.

Da ka ɗaga, ka tsaya ka duba. Baƙin mai ya kamata ya jiƙa ko'ina. In ka ga wata roka a bushe, hanyar mai ta toshe a wurin. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo a cikin murfin, ruwa na haɗuwa da mai, wannan kuma magana ce da ta girmi saitin bawul.

4. Gane wane ne wane

Bawul takwas ne, layi biyu. Kowace silinda tana da na mai, wanda makanikai ke kira inlet, da na hayaƙi, wato egzos. Layin da ya fi kusa da bututun da ke tafiya salansa shi ne na hayaƙi, ɗayan layin na ɓangaren kafireta shi ne na mai. Don ka tabbatar, ka juya inji kana kallon silinda ɗaya: za ka ga bawul ɗaya na gama rufewa, ɗan'uwansa na fara buɗewa nan take. Mai rufewar shi ne na hayaƙi, mai buɗewar na mai.

Ratar da ake so, inji na sanyi:

Bawul ɗin mai: 0.10 na milimita.
Bawul ɗin hayaƙi: 0.25 na milimita.

In fila gej ɗinka na inci ne, 0.004 ke nan da 0.010.

Na hayaƙi ya fi rata ne saboda shi ke shan wuta, shi ya fi miƙewa. Wanda ya juya lambobin nan, ya ba na hayaƙi 0.10, ya ɗora motarsa a hanyar ƙona bawul huɗu a tare.

Sai lissafin silinda. Fijo tana fara ƙirga ta ɗaya daga bayan inji, ɓangaren giyabos, ba daga wajen fanka ba kamar yadda aka saba a wasu motoci. An sha yin gardama a kan wannan a gareji, alhali ga wannan aikin ba ta da tasiri: tsarin tashin wutar injin 1, 3, 4, 2 ne, kuma ko ta wane gefe ka ƙirga haka zai fito. Abin da ake so kawai ka zaɓi gefe ɗaya ka tsaya a kai. Rubuta 1 zuwa 4 da alli a jikin inji.

5. Juya inji

Hanya mafi sauƙi ga mai aiki shi kaɗai: tokare tayoyin gaba da kyau, ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, sauke hambirki, sa giya ta huɗu. In ka juya tayar da ke sama zuwa gaba, inji zai juya yadda ya saba. Matsalar ita ce kana baya, bawul na gaba, don haka in akwai yaro ko ƙane a kusa, shi ya juya kai ka kalla. In kana da soket da ya shiga babban notin fulin karanshaf, wanda ke ƙasan gaban inji, ka bar mota a firi ka juya daga nan, zuwa dama in kana fuskantar injin daga gaba.

Gargaɗi: kada ka juya da sitata, ba za ka iya tsayar da shi inda kake so ba, ga kuma haɗarin yatsa. Kada ka ja fanka da ƙarfi, tana karyewa. Kuma jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar.

6. Tsarin da ake bi

Nan ne zuciyar aikin. Ba a auna bawul sai lokacin da tafet ɗinsa, wato ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da fushrod, ke zaune a bayan ƙullutun kamshaf, inda babu abin da ke tura shi ko kaɗan. Tunda ba ka ganin kamshaf da ido, wani bawul ne zai zama maka alama. Za ka riƙa kallon bawul ɗin hayaƙi na wata silinda har ya buɗe iyakar buɗewa, wato roka ta danne sifirin ɗinsa ƙasa gaba ɗaya. A daidai wannan lokaci akwai bawul biyu a wasu silindu da suka shirya a auna su.

Na hayaƙi na 1 ya buɗe duka: saita na mai na 3 da na hayaƙi na 4.
Na hayaƙi na 3 ya buɗe duka: saita na mai na 4 da na hayaƙi na 2.
Na hayaƙi na 4 ya buɗe duka: saita na mai na 2 da na hayaƙi na 1.
Na hayaƙi na 2 ya buɗe duka: saita na mai na 1 da na hayaƙi na 3.

Kwafi wannan a takarda ka manna a gilashin gaba. Tsakanin kowane layi da na bayansa rabin juyi ne na karanshaf, in ka gama huɗun inji ya yi juyi biyu cif, bawul takwas sun samu.

Yadda za ka gane ya kai ƙarshen buɗewa: sifirin zai yi ta sauka, sai ya ɗan tsaya cak kamar yana hutawa, sannan ya fara tasowa. Tsakiyar wannan hutun kake nema. In ka ɗan wuce ko ka ɗan gaza ba wani abu, bayan ƙullutun yana da faɗi. In ka wuce sosai, gara ka zagayo da ka koma baya.

Kafin ka sa fila gej, kama rokar da za ka auna ka girgiza ta sama da ƙasa. Ya kamata ka ji ɗan motsi, ƙis-ƙis. In ba ta motsi sam, ko dai ka kama wadda ba ita ba, ko kuma bawul ɗin a matse yake. Sake duba takardarka kafin ka taɓa noti.

7. Auna kafin ka kwance

Zura fallen da ya dace tsakanin bakin roka da kan sandar bawul, a kwance, kada ka karkata shi. Daidai shi ne ya shiga ya fita da ɗan ja, kamar in kana zare takarda ɗaya daga tsakiyar littafi mai kauri da aka rufe. In ya shige salalaf, rata ta yi yawa. In sai ka tura da ƙarfi har yana lanƙwasa, ta yi kaɗan.

Wanda hannunsa bai saba ba, ga dabara: a na mai 0.10 ya shiga, 0.15 ya ƙi. A na hayaƙi 0.25 ya shiga, 0.30 ya ƙi. In haka ta kasance, bar shi yadda yake, ba dole ne a kwance kowane noti ba.

Rubuta abin da ka samu a kowane bawul kafin ka gyara. Mutane na raina wannan, amma takardar nan ita ce za ta gaya maka lafiyar injinka nan da shekara. Ni da ita na gano cewa na hayaƙi na 3 a motarmu kullum shi ke matsewa, sauran na nan daram. Bawul ɗin ne ke nutsewa cikin kujerarsa sannu a hankali. Na sauke tof silinda a lokacin da na shirya, da kuɗina a hannu, maimakon a tsakiyar hanyar Zariya da iyali a mota.

8. Saitin kansa

A ɗaya ƙarshen rokar, wajen fushrod, akwai sukuru da noti a kansa. Ɗora sifana mai zobe a notin, sa sukudireba a kan sukurun, sassauta notin kamar rabin juyi. Zura fila gej. Ɗaura sukurun ciki rata ta ragu, warware shi waje ta ƙaru. Kaɗan-kaɗan ake yi, motsin da bai kai kwatan juyi ba yana canja awo sosai. Da ka ji jan da ake so, riƙe sukudireba gam, kada ta motsa, ka ɗaure notin.

Sai ka sake aunawa. Kusan kullum ɗaure noti yana ɗan jan sukurun, ratar ta sauya. In ta sauya, sassauta ka sake, kana ba shi ɗan rangwame ta gefen da ka ga yana ja. Karo na farko za ka iya maimaita bawul ɗaya sau uku ko huɗu, kada ranka ya ɓaci, kowa ta nan ya biyo. Wanda ka gama, ɗiga masa alli.

Gargaɗi: kada ka danna sukudireba da nauyinka yayin aunawa, ɗora ta kawai. Kada ka yi aiki da sifana mai buɗaɗɗen baki, tana cinye kusurwar noti. Ɗaurin kuma na wuyan hannu ne, ba na kafaɗa ba: ya kama sosai don kada ya warware a hanya, amma sukurun siriri ne, yana tsinkewa.

In kana shakka tsakanin matsewa kaɗan da sakewa kaɗan, zaɓi sakewa, musamman a na hayaƙi.

Akwai wata matsala ta tsofaffin injuna da ya kamata ka sani. Bakin roka, inda yake dukan kan bawul shekara da shekaru, yakan yi ɗan rami. Fallen fila gej mai faɗi ne, sai ya haye bisa ramin kamar gada, ya nuna maka 0.25 alhali ratar gaskiya ta fi haka. Alamarsa ita ce ka yi saiti daidai amma bawul ɗaya ya ci gaba da ƙara. Haska tocila ka leƙa bakin rokar, ko ka shafa da farce. In akwai rami, a cire rokar a gyara bakinta wajen masu injin gyaran ƙarfe, ko a canja ta. Kada ka yi ta matse sukuru har ƙarar ta ɗauke, wannan shi ne saitin kunne da ke kashe inji.

Tunda kana wurin, murza kowane fushrod da yatsu biyu lokacin da yake sake. Mai lafiya yana juyawa sumul. Wanda ya lanƙwashe za ka ga kansa yana rawa, sai a canja shi.

9. Zagaye na biyu

Ka gama takwas? Juya inji sau biyu, ka sake bin layuka huɗun daga farko, aunawa kawai. Minti goma ne. Sannan ka bi notuna takwas ɗaya bayan ɗaya da sifana ka tabbatar babu wanda ka manta a sake.

10. Rufewa

Kankare ragowar tsohon gasket daga murfi da tof silinda, da katako ko roba, ba da wuƙa ba. Ɗora murfin a kan gilashi ko tebur mai santsi ka gani ko bakinsa ya karkace. Sa sabon gasket da sababbin robobin bututun fulogi. In ka mayar da tsofaffin robobin da suka bushe, mai zai taru a kan fulogi, mota ta fara tsallen silinda.

Gargaɗi: kada ka laɓta gam. Abin da ya matso ta ciki yana yankewa ya bi baƙin mai ya toshe ƙananan hanyoyi. In ma za ka sa, shafi ne siriri a gefen murfi don gasket ya zauna.

Ɗaure murfin a hankali, kana zagayawa, ba ka gama da noti ɗaya sannan ka koma wani ba. Ɗauri mai tsanani ba ya hana yoyo, shi ke kawo shi. Fulogi kuma ka fara ɗaura su da hannu, da soket ba tare da mariƙi ba, sai sun shiga juyi da yawa sumul sannan ka ƙarasa. In ka ji turjiya tun farko, warware ka sake, domin zaren alminiyam in ya lalace aiki ne babba. Mayar da wayoyi bisa lambobinsu, cire tsumman bakin kafireta, mayar da tukunyar iska da kan batir. Sauke jak, fitar da giya.

11. Tayarwa da saurare

Tayar da ita ka bar ta a silo har ta ɗau zafi. Abin da kake so ka ji shi ne ɗan tis-tis-tis mai laushi, bai ɗaya, babu wanda ya fi wani amo. Duba kewayen murfi ko akwai yoyo.

Silo zai iya ɗan hawa ko sauka, domin numfashin injin ya canja. Shi ya sa bawul ke zuwa farko, sannan foyin da tayimin, wato saitin wutar fulogi, kafireta a ƙarshe. Wanda ya fara da kafireta sai ya sake.

In har yanzu akwai ƙara mai ƙarfi bayan ka tabbatar da awonka, ɗauki doguwar sukudireba, ɗora bakinta a kan murfi, mariƙin a kunnenka, ka bi silinda ɗaya-ɗaya, kana nesa da fanka da fambel, hannun riga a naɗe. Ƙarar da ta fito daga gaban inji tana iya zama sarƙar tayimin. Wadda ke yin fat-fat da sanyi ta ragu da zafi sau da yawa gasket ɗin bututun hayaƙi ne ya huje. Wadda ke ƙarƙashin murfi kuma, ko ramin bakin roka ne, ko sandar da rokokin ke juyawa a kai ta cinye.

12. Yaushe za a sake

Ni ina dubawa duk lokacin da zan canja fulogi, ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. In an sauke tof silinda aka sa sabon gasket, bayan tafiyar kilomita 1,000 a sake ɗaure notunan tof ɗin inji na sanyi, sannan a saita bawul a bayansa, domin ɗaurin yana rage rata. Masu mayar da motarsu ta koma shan iskar gas, su riƙa dubawa fiye da haka: gas ya fi fetur wahalar da kujerar bawul ɗin hayaƙi, kuma ratar kan rufe shiru ba tare da wata ƙara da za ta faɗakar da kai ba. Bayan wata uku da juyawar, buɗe murfin ka auna huɗun hayaƙi, ka gwada da abin da ka rubuta a takardarka.